Ja ko Shuɗiya: Wace Tarakta Ƙungiyar Manoma Za Ta Saya?

Kowace shekara, da zarar an gama kaka, aka sayar da aya da wake da gujiya, daga baya kuɗin albasa suka shigo, sai zancen sayen tarakta ya taso cikin ƙungiyoyin manoma da gidajen manyan manoma na jihohin Maraɗi, Tawa, Damagaram da Dosso. Sabuwar motar noma ta fi ƙarfin aljihun mafi yawan jama'a. Saboda haka ido ya kan koma ga tsofaffi, waɗanda suka gama aikinsu a gonakin Turai, ƴan kasuwa suka sabunta musu fenti suka kawo. Cikin irin waɗannan akwai guda biyu da suka yi kama da juna ƙwarai, har mai saye ya kan tsaya tsakaninsu ya rasa wadda zai ɗauka: Massey Ferguson 290, mai jan fenti, da Ford 6610, mai shuɗi. Dukansu ƙirar shekarun 1980 ce, dukansu injin gazuwal gare su mai silinda huɗu, ƙarfinsu kuma kusan ɗaya ne, wajen doki 80.

Zaɓen ba abin wasa ba ne. Kuɗin da ake kai wa dillali sau da yawa gumin mutum hamsin ne ko ɗari, ko kuwa bashin banki ne mai wa'adi. Damana kuma gajera ce. Ruwa ya kan zauna daga Yuni zuwa Satumba, kwanakin da ƙasa ke karɓar garma kafin shuka ba su da yawa. Taraktar da ta tsaya ran da ruwan shuka ya sauka, ta yi kwana ashirin tana jiran wani ƙarfe daga nesa, ta ci kuɗin ƙungiya, ta kuma ci shekarar duk wanda ya ajiye hauyarsa yana jiranta.

Ƙasar nan ta riga ta ga yadda bashin kayan noma ke ƙarewa in lissafi bai fita ba. An kafa hukumar UNCC a 1962 domin ta tsaya wa ƙungiyoyin manoma, an kafa asusun bashin noma na CNCA a 1967. Cikin shekarun 1970 da farkon 1980 manyan ayyukan raya karkara, irin na Maraɗi da na 3M a Damagaram, sun raba garmunan shanu da amalanke bisa bashi. Fari ya zo, musamman na 1984, bashi ya ƙi biyuwa, kafin ƙarshen waɗannan shekaru asusun ya durƙushe. Wancan bashin shanu ne da garma. Na tarakta ya ninka shi sau da yawa.

Kaka ɗaya gare su

Masu gardamar ja da shuɗiya a bakin gareji ba kasafai suke sanin cewa motocin biyu dangi ne ba. Wani mutumin Ailan ta Arewa, Harry Ferguson, shi ne ya ƙago hannuwan nan uku na bayan tarakta waɗanda ke riƙe garma, su ɗaga ta su sauke da ƙarfin mai. A 1938 ya yi yarjejeniya ta baka da Henry Ford na Amurka, a 1939 taraktar farko ta haɗin gwiwarsu ta fito. Daga baya suka ɓata har da shari'a, Ferguson ya ci gaba da ƙera tasa a garin Coventry na Ingila, a 1953 kamfaninsa ya haɗe da Massey-Harris na Kanada. Shi ya sa garmar da ta hau bayan ɗaya za ta hau bayan ɗayar.

Yau ko ɗaya daga cikin gidajen biyu ba ya hannun masu shi na asali. Fiat ta Italiya ta sayi sashen tarakta na Ford a 1991, sunan ya koma New Holland. Kamfanin AGCO na Amurka ya sayi Massey Ferguson a 1994, masana'antar Coventry kuma ta daina ƙera tarakta a ƙarshen 2002. Ford ta fito da 6610 a 1981, ta yi ta ƙera ta har wajen 1991, Massey kuwa ta maye gurbin 290 da sabon jeri a Ingila tun 1986. Ma'anar wannan ga mai saye ita ce, kowace ya ɗauka cikin waɗanda suka fito daga Turai, ta haura shekara talatin a duniya.

Inda suka rabu: cikin inji

Injin Massey 290 na kamfanin Perkins ne, wanda makanikai suka sani da lamba 4.248, cikinsa ya ɗan haura lita 4. Na Ford 6610 ƙirar Ford ce da kanta, lita 4.4, ya ɗan fi girma, ya kuma ɗara na Perkins da ƴan dawaki kaɗan. A gona wannan bambanci ba ya hana ɗaya jan garmar da ɗayar ke ja. Injin Perkins ya yi suna wajen tsimin mai da kuma haƙuri in garma ta nutse cikin ƙasa mai tauri. Na Ford ya yi suna wajen ƙwari da daɗewa.

Babban bambancin yana wurin da ido ba ya gani. A injin Perkins, kowane fistin yana hawa da sauka ne cikin wata rigar ƙarfe da aka cusa cikin gangar injin. In rigar ta cinye, sai a zare ta, a sa sabuwa tare da sabon fistin da zobbansa, injin ya koma kamar jiya aka yi shi. Ana sayar da waɗannan kaya a haɗe cikin kwali ɗaya. A injin Ford kuwa babu riga. An huda ramin fistin ne cikin gangar kanta. In ramin ya cinye, dole a sauke injin ɗungum, a kai shi wurin masu injin gyaran ƙarfe su faɗaɗa ramin, ko su yi masa riga. Irin wannan aiki sai babban gari, kuma sai gwani.

Akwai kuma wata cuta da aka san injinan Ford na wannan zamani da ita, wadda ya wajaba duk mai niyyar saye ya fahimce ta. Duk bugun da fistin ya yi, bangon ramin yana girgiza. Girgizar tana haifar da ƴan ƙananan kumfa cikin ruwan da ke zagaye da bangon domin sanyaya shi. Kumfan suna fashewa a jikin ƙarfen suna ƙwaƙule shi kaɗan kaɗan, kamar yadda gara ke cin azara daga ciki. Shekara da shekaru ba a ganin kome, sai rana ɗaya ƙofa kamar ta allura ta ɓulle, ruwa ya gangara cikin man inji. Maganin abin sananne ne: akwai ruwan magani da ake zubawa cikin tukunyar ruwa ta gaban inji, wanda ke rufe ƙarfen ya kare shi, ana kuma sabunta shi lokaci lokaci. A Turai ana zuba shi har domin gudun ƙanƙara. A nan, da yake babu ƙanƙara, direbobi da yawa suna ɗauka ba shi da amfani, sai su ɗebo ruwan rijiya ko na tabki su cika tukunya. Ruwan rijiyoyi da dama kuwa yana da kanwa ko gishiri, yana barin farin dutse cikin bututu, yana kuma gaggauta tsatsa. Injin Perkins ma ba ya son irin wannan ruwa, amma ya fi jure shi. Ga Ford, ruwan rijiya guba ne mai kisa sannu.

Saboda haka tambayar farko da ƙungiya za ta yi wa kanta, tun kafin ta tambayi kuɗin mota, ita ce ko tana da mutumin da zai tsare tukunyar ruwa kamar yadda ake tsare rumbu. In akwai shi, injin Ford zai yi shekaru yana aiki ba a buɗe shi ba. In babu, a bar wa mai iyawa.

Sai maganar gazuwal. Famfon da ke raba mai ga silinda a injin Perkins irin mai juyi ne, kuma gazuwal ɗin da ke ratsa shi shi ne man da ke sa ƙarafansa santsi. Ruwa ko rairayi kaɗan cikin mai ya isa ya kashe shi, gyaransa kuma ba na bakin hanya ba ne. Cikin Ford 6610, wasu suna ɗauke da irin wannan famfo, wasu kuma da famfo mai jere, wanda bututunsa huɗu ke tsaye a layi ɗaya bisa kansa. Mai jeren ya fi haƙuri da mai maras tsabta, don haka in an sami shuɗiya mai irinsa, abin so ne. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a ƙarshen 2011 ƙasar nan take tace nata gazuwal, amma tsabtar mai a bakin matata ba ta hana shi ƙazancewa cikin tsohon jarka ko duro mai tsatsa. Dabarar tsofaffin direbobi har yau ita ce gaskiya: a bar duro ya kwana bai motsa ba, a ɗebi na sama, a bar na gindi domin wankin ƙarafa.

Ƙura ita ce abokiyar gaba ta uku. Wasu motocin suna da matacin iska na takarda, wasu na da mai kaskon mai a ƙasa. Na kasko ya fi dacewa da ƙauye, domin wanke shi ake yi a sake mai, ba a saye. Na takarda ya fi tacewa, amma in ya yage ko aka buge shi da ƙarfi wajen kakkaɓa, rairayi zai wuce kai tsaye, ya cinye zobban fistin cikin damana ɗaya. Wannan bai shafi ja ko shuɗi ba, kowace aka samu a buɗe a duba.

Giya, da wani tarko

Kowace cikin biyun ana samunta da akwatin giya na gargajiya, takwas gaba biyu baya. Wannan shi ne wanda ya fi dacewa da ƙasar nan, domin babu abin da ke cikinsa da makanikin gari bai sani ba. Amma manoman Turai sun fi son mai ƙari, don haka da yawa cikin waɗanda ake kawowa suna da wata na'ura da ke sauya gudu ba tare da an taka kuloci ba. A Ford sunanta Dual Power, tana mai da giya takwas ta zama goma sha shida. A Massey sunanta Multi-Power.

Multi-Power tana da hali biyu da dillali ba zai faɗa ba. Na farko, in an sa ta a ƙaramin gudu, injin ba ya riƙe motar a gangara, sai ta sulale kamar an cire giya. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Gulbin Maraɗi wannan ba kome ba ne. A gangaren duwatsun Adar, wajen Keita da Buza, da amalanken ƙarfe cike da dutse a baya, rai ne ke cikin haɗari in direba bai san sirrin ba. Na biyu, taraktar da ke da wannan na'ura ba ta tashi da turi ko da ja. Kowa kuwa ya san yadda batir ke mutuwa da zafin bazara, ya kuma san cewa a ƙauye turi shi ne makullin mota na biyu. Wanda zai sayi ja, ya nemi maras Multi-Power ko da ta fi tsada.

Nauyi da hannuwan baya

Nan ne shuɗiya ta ke rama abin da ta rasa. Galibi Ford 6610 ta fi Massey 290 nauyi da faɗin jiki, nauyin nan kuwa shi ne ke danne tayoyin baya su kama ƙasa. A fadama mai laka, ko wajen jan amalanken ƙarfe cike da buhunan albasa daga Galmi zuwa bakin kwalta, za a ga amfaninsa. Famfon da ke tura mai zuwa kayan aiki na waje ma ya fi na Massey yawan turawa, don haka amalanke mai juye kaya da kansa ya fi saurin tashi a bayanta. Famfon Massey yana can cikin akwatin giya, ya gwanance wajen riƙe garma daidai zurfin da aka sa ta, domin aikin da Ferguson ya yi shi dominsa ke nan, amma yana da nawa in aka ba shi aikin ɗaga babban amalanke.

Dukansu suna da sandar baya mai juyi 540 a minti ɗaya, wadda ke tuƙa injin sussukar hatsi ko famfon ban ruwa. Birkinsu duka cikin mai yake kwance, kuma ba kowane mai yake karɓa ba. In aka zuba wanda bai dace ba, sai a ji birki yana kuka, daga nan ya fara ci.

Ƙasa ce ke da magana

Kafin a yanke shawara sai a dubi gonakin da motar za ta shiga. Mafi yawan gonakin hatsi na kudancin ƙasar nan jigawa ce, rairayi mai sauƙi wanda hauya ke shiga ba wahala. Irin wannan ƙasa ba ta bukatar nauyi, hasali ma nauyi cuta ne gare ta: mota mai nauyi tana nutsewa, tana shan mai a banza, huɗa mai zurfi kuma tana tone ƙasa ta bar wa iskar farkon damana ta kwashe. Ga kuma itatuwa. Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin tohon itace cikin gona suna renonsa, har gawo da kalgo da sabara suka sake rufe miliyoyin hekta. Wannan dukiya ce da aka sha wahala kafin a maido ta. Direban da ke gaggawa ba ya kewaye toho, faifan garma kuma ba ya tambaya. Inda itace ya yi yawa, motar da ta fi sauƙin jiki da saurin juyawa ita ce ta fi, kuma dole a gaya wa direba tun farko cewa toho ba ciyawa ba ne.

Fadama daban ce. A filayen noman rani da hukumar ONAHA ke kula da su tun kafa ta a 1978, irin na Jiratawa da Ƙonni da na shinkafa a bakin kogin Kwara, ƙasa tana da laka, in ta bushe ta yi tauri kamar tubali, in ta jiƙe ta riƙe ƙafa. Nan ake bukatar nauyi da ƙarfi, nan ne kuma mai jan ƙafa huɗu ke biyan kuɗinta. Kowace cikin biyun ana samunta da jan ƙafa huɗu, sai dai a tuna cewa gatarin gaba na irin wannan yana da nasa haƙora da nasa mai, kayansa kuma sun fi wuyar samu.

Ga wani lissafi da kowane sakataren ƙungiya zai iya yi a allo. Garma mai faifai uku tana yanka faɗin kusan santimita 75. In mota na tafiyar kilomita 6 a awa, ta huɗe murabba'in mita 4,500 ke nan, hekta ɗaya kuwa murabba'in mita 10,000 ce. In aka haɗa da juyawa a bakin gona da tsayawa, hekta ɗaya za ta ci kusan awa uku. Garmar faifai mai faɗin mita 2, wadda ke farfasa saman ƙasa kawai, za ta yi kusan hekta ɗaya a awa. Wannan lissafi ɗaya ne ga ja da shuɗiya. To in kwanakin huɗa sun kai 30, ana aikin awa 10 kowace rana, awa 300 ke nan a shekara. Awa 300 ba za su biya bashin tarakta ba. Abin da zai biya shi shi ne aikin sauran watanni: jigilar taki zuwa gonaki, kwasar damman hatsi, sussuka, ɗaukar yashi da dutse da tubali, huɗar noman rani. Ƙungiyar da ta san cewa rabin aikin motarta jigila ce mai nauyi tana da hujjar karkata ga Ford. Wadda kuma lissafinta ya nuna ba ta da aikin rani ko kaɗan, gara ta sake tunani, domin shanun huɗa biyu da garmar da ake ƙerawa a Tawa ko Damagaram ko Dosso ba sa shan gazuwal, suna ba da taki, in sun tsufa kuma mahauci na saye.

Kayan gyara

Tsohuwar mota ba a tambayar ko za ta lalace, sai dai yaushe, kuma ina za a sami abin da ya karye. A nan Massey tana da rinjaye bayyananne. Dangin injin Perkins da ke cikinta an ƙera su da yawan gaske tun shekarun 1960, an sa su cikin tarakta da manyan motoci da injinan wuta da na ban ruwa, har ya zama da wuya a sami makanikin gazuwal da bai taɓa buɗe ɗaya ba. Kamfanin Millat na Lahore a Pakistan ya daɗe yana ƙera Massey Ferguson da izini, irin su 375 da 385, waɗanda ke da dangantaka ta kusa da 290, kuma ana ƙera kayan gyaransu a ƙasashe da dama. Kayan Ford ma ana samu, domin an ci gaba da ƙera mai kama da 6610 a Meksiko da sunan New Holland, amma ba su kai na Massey yaɗuwa a kasuwannin yankin nan ba, sau da yawa sai an yi saƙo an jira.

Ga mutanen Maraɗi da Damagaram da Ƙonni, babbar kasuwar ƙarafa ita ce Kano, musamman Ƙofar Ruwa, ta hanyar Jibiya ko Daura ko Illela. Hanyar kuwa ba kullum take buɗe ba. A 2023, sa'ad da iyakokin ƙasa da Najeriya da Benin suka rufu, masu motoci sun ga yadda ƙaramin ƙarfe ke zama zinariya. Dattawa kuma ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar kuɗin Sefa da rabi, duk abin da ake sayowa daga Turai ya ninka kuɗi dare ɗaya. Motar da kayanta ke zube a shaguna da yawa, daga ƙasashe da yawa, ita ce ta fi tsira a irin waɗannan lokuta. Sai dai yawan kaya yana tafe da yawan jabu. Kwali mai kyau ba shaida ba ne, kuma araha ba ta ado: zoben fistin na jabu ya kan mai da injin gareji kafin kaka.

Akwai gwaji mai sauƙi. Kafin a biya ko dala, wakilan ƙungiya su rubuta abu biyar a takarda, famfon ruwa, faifan kuloci, matacin gazuwal, kan allurar mai da kayan fistin, su zaga shagunan garin da ya fi kusa da su, su tambayi na ja da na shuɗiya. Wadda aka ɗauko musu kayanta daga kanta nan take, ta riga ta ci rabin gardama.

Ranar ciniki

Duk abin da aka faɗa a sama game da iri ne. Amma ba iri ake saye ba, mota ɗaya ake saye, mai tarihinta. Lafiyayyar Ford ta fi gajiyayyar Massey nesa ba kusa ba, haka kuma in aka juya. Sabon fenti ba ya nuna kome sai cewa mai sayarwa ya sayi fenti.

A je da sassafe da makanikin da ƙungiya ta yarda da shi, wanda ba abokin dillali ba ne, a taɓa injin a tabbata da sanyinsa ya kwana. Injin da aka ɗuma kafin zuwan mai saye yana da abin ɓoyewa. Lafiyayye yana tashi da bugu ɗaya ko biyu, ya yi ɗan hayaƙi ya washe. Shuɗin hayaƙi mai ɗorewa alamar yana ƙona man inji ne, farin da ba ya yankewa kuma ruwa ne ko allurar mai. A zaro sandar awon mai: in man ya yi fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga, in shuɗiya ce a juya a tafi ba tare da an tsaya ciniki ba. A buɗe murfin tukunyar ruwa tun injin na sanyi, a tashe shi, a duba ko kumfa na tasowa, a kuma duba launin ruwan, domin shi zai faɗi irin riƙon da aka yi mata. A ɗaura garma a ɗaga ta sama, a kashe inji, a ga ko za ta tsaya ko za ta sauko da kanta.

Agogon da ke ƙidaya awoyin aiki ba abin dogaro ba ne, yana lalacewa, ana sauya shi, yana kuma cika ya koma farko. Abin da ba ya ƙarya shi ne matakin kuloci da na birki da suka sule, da ramukan hannuwan baya da suka faɗaɗa, da sitiyarin da ke yawo kafin taya ta amsa. Tayoyin baya a dube su da kyau, domin kuɗin sabbin guda biyu ya isa ya mai da araha tsada. Ɗakin gilashi da ke bisa waɗanda suka fito daga Turai an yi shi ne domin sanyi. Da zafin Afrilu tanda ne, kuma yana wahalar da makaniki in za a raba motar biyu domin gyaran kuloci. Rumfar kwano ta fi shi amfani, amma kada a cire ƙarfen da ke kare direba in mota ta kife. Daga ƙarshe a gwada lambar da ke jikin mota da wadda ke cikin takardar duwan.

In an tara duka, ga inda magana ta karkata. Ƙungiyar da gonakinta jigawa ce, tana nesa da babban gari, direbanta sabon hannu ne, Massey Ferguson 290 mai giyar gargajiya ita ce tata, domin tana yafe kuskure, in ta faɗi kuma ana tashe ta kusa da gida. Ƙungiyar da ke fadama ko filin noman rani, mai jigila da yawa, kusa da gari mai injin gyaran ƙarfe, wadda kuma ke da tsari, za ta ji daɗin Ford 6610, muddin an tabbatar da lafiyar gangar injinta tun ranar saye.

Tsarin nan kuwa littafi ne da alƙalami. Nan ne waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci ke da babban aiki, domin motar ƙungiya in ba a rubuta ba, ta kowa ce wajen hawa, ba ta kowa ba ce wajen gyara. A rubuta kowace rana gonar wa aka huɗe, hekta nawa, lita nawa aka zuba, nawa aka karɓa, yaushe aka juye man inji, yaushe aka sabunta maganin tukunyar ruwa. Cikin kuɗin kowace hekta a ware kason gyara a ajiye shi daban, kada a taɓa shi don biki ko tafiyar shugabanni. A kuma lura da yadda ake biyan direba: wanda ake biya bisa yawan hekta kaɗai zai yi gudu, ya ɗage garma sama, ya tattake toho. Wajen mai sayarwa ma takarda ce za ta yi aiki. A rubuta a gaban shaidu cewa kason ƙarshe na kuɗin ba zai fita ba sai motar ta ja garma yini guda cur a gonar ɗaya daga cikin ƴan ƙungiya, an kuma sake zaro sandar awon mai da maraice an duba.